Layin da Auta Ya Bari a Allo

Ranar Talata, sha tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ɗana, autana, bayan jinyar kwana biyar. Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa kowa zai koma. Shi dai ya riga mu ne. Shekararsa talatin da takwas. Ya bar mata da 'ya'ya biyu, ya bar ni.

A yadda aka rene ni, uwa ba ta tsayawa gaban mutane ta yabi ɗanta, kuma haka na reni nawa. Yau zan saɓa wannan tarbiyya, domin akwai hakkinsa a kaina, kuma ba na so in kira danne hakki da sunan kunya.

Auta, shekara goma sha ɗaya kana aiki a ƙaramin gidan namun dajin nan na bayan gari, ban taɓa sa ƙafata a ciki ba. Ni na zauna da kai a teburin falo da rula a hannu har rubutunka ya miƙe, ina ganin kujerar ofis nake shirya maka. Da ka zo ka ce ka sami aikin kula da dabbobi, na tambaye ka ko don ka kwashe kashin kura na sha wannan wahala. Ka sunkuyar da kai ka ce in yi haƙuri. Tun daga ranar, in ka biyo ta gidana daga aiki, a bakin famfo kake tsayawa ka cire takalman roba, ka wanke hannu har gwiwa, kafin in bari ka shigo ɗaki. In maƙwabta suka tambaye ni inda kake aiki, sai in ce a ofis. Ni ce fa mai dukanku a kan ƙarya.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, akwai baƙin allo a ƙofar shiga, kusa da tagar mai sayar da tikiti. Kowace Asabar da safe Auta yake goge shi ya rubuta wa masu ziyara labarin makon da alli: wace dabba ce ta iso, wacce aka mayar sabon keji, wace hanya aka rufe saboda gyaran shinge, ƙarfe nawa ake ba kada abinci. Mai tikiti, wani dattijo mai barkwanci, yana kiran allon jaridar Auta, ya ce ita kaɗai ce jaridar da bai taɓa kamawa da ƙarya ba. In ka gama rubutun, Auta, sai ka ɗauki hotonsa a waya ka turo mini. Ban taɓa karanta abin da ke ciki da natsuwa ba. Amsata ɗaya ce, in ma na amsa: layi na uku ya karkace.

Sai a zaman makoki na san wanda na haifa. Manajan wurin ya zo, ya zauna a bakin ƙofa, ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce kana da doka guda wadda ba wanda ya iya tanƙwara ka a kanta: ba ka rubuta sabuwar dabba a allo sai ta ci abinci da kanta kwana uku a jere a sabon wurinta. Kafin nan buhuna kake ratayawa a jikin wayar shingenta, kada idon mutane ya dame ta. Shekarun baya aka kawo jakunan dawa biyu ana gab da hutun makaranta. Manaja ya so a sanar nan take don jama'a su cika wurin, kai kuma ka ƙi, domin ƙaramar ba ta ci. Ya ba ka alli da hannunsa, ka ajiye a kan teburinsa. Ya ce maka in ba za ka rubuta ba ka ajiye makullai, ka ce makullan nasa ne, amma ba za ka kira mutane su taru a kan dabbar da tsoro bai sake ta ba. Kwana tara kuna wannan. Ya ce mini a kwana na goma ƙaramar ta sa baki a ciyawa, kuma suna nan da ransu har yau, sun ma haihu. Ya ƙara da cewa ya daɗe da sanin ka sa wa babban kada suna Manaja, wai don ba ya motsi sai ya ga abinci. Ya yi dariya, sannan ya rufe fuska da hularsa.

Ba sabbin zuwa kaɗai kake rubutawa ba. Da tsohon kunkuru ya mutu, an ce ka yi shiru kada a ɓata wa masu ziyara rai. Ka rubuta. Ka ce akwai yaran da saboda shi suke zuwa, gara su karanta a ƙofa da su je su tarar da wuri wayam ba wanda ya gaya musu.

Ina cikin mamakin inda ka samo wannan taurin kai, sai surukata, matarka, ta matso ta ce, “Inna, ai a wurinki ya koya.” Ta tuna mini watan da ta yi a gidana tana amarya, kafin ku sami ɗakin haya. Kunya ta hana ta cin abinci, ni kuma na hana mata su shigo kallonta. Na ce ba zan gaya wa kowa na yi suruka ba sai na ga ta buɗe tukunya da kanta ta zuba. Ni na manta na faɗa. Ashe kai ka riƙe.

Makonni biyu kafin rasuwarka aka kawo wata barewa da aka karɓo daga gidan wani mutum da ya ɗaure ta shekara guda. Igiya ta ci mata wuya, ba ta cin komai sai an sa mata a baki. Ranar Alhamis ka biyo ta wurina, idonka ja, jikinka zafi kamar garwashi, kana cewa za ka koma ka duba ta. Na yi maka faɗa, na ce mai iyali ba ya wasa da lafiyarsa saboda dabba. A kan wannan ban yi kuskure ba, kuma zan sake faɗa wa duk ɗan da ya zo mini haka. Kuskurena yana cikin abin da ya biyo baya. Ka ce, “Inna, ranar da ta cika kwana ukunta ke zan fara kira. Ki zo ki gan ta kafin in rubuta.” Na ce ba ni da lokacin kallon akuya. Ka yi murmushi ka sa takalmanka. Washegari aka kwantar da kai a asibiti, kuma ba mu sake wata magana mai tsawo ba.

Kwana goma bayan rasuwar, ranar Juma'a, likitan dabbobi ya zo gida. Ya ce barewar ta ci da kanta kwana uku cur, amma ba wanda ya yarda ya taɓa allon. Ya ce ka gaya musu an yi alkawari da ni. Ba ni na yi alkawarin ba, Auta, kai ka yi mini shi. Ranar Asabar da safe na ɗauki mayafi, na riƙe hannun babbar 'yarka, takwarata, muka tafi.

Rubutunka na ƙarshe yana nan ba a goge ba: an mayar da ɗawisu kejin da ke ƙarƙashin inuwa, an rufe hanyar tafki saboda gyaran gada. A ƙasa ka ja layi biyu ka bar su fili. A jikin ƙusa, kusa da gwangwanin alli, ga rulata ta katako a rataye da zare, wadda na nema shekara da shekaru har na zargi yayyenka da ɓatar da ita.

Aka kai ni bayan buhuna. Barewar ta ɗago kai ta dube ni, tabon igiya a wuyanta, sannan ta ci gaba da tsinkar ganyenta. Na daɗe a tsaye. Da na dawo ƙofa na ɗauki alli na rubuta a layin farko: “Sabuwar baƙuwa: barewa, a shinge na huɗu. Ta ci da kanta kwana uku. A rage murya a kusa da ita.” Da yake kai ba ka ɓoye wa masu ziyara mutuwa, a layi na biyu na rubuta: “Mai rubuta wannan allo ya rasu. Ɗana ne.”

Takwarata ta ja baya ta duba, ta ce, “Kaka, layinki ya karkace.” Gaskiya ta faɗa. Ban gyara ba.

Ku masu kai yara wurin ranar hutu, ku tsaya ku karanta allon kafin ku shiga. Ku daina jefa wa biri leda, ku daina tsokanar jimina da sanda don a yi dariya. Yaranku suna kallonku, kuma dabbar nan ba ta da bakin kai ƙara sai wurin Mahaliccinta. Ku kuma iyaye 'yan'uwana, in ɗanku yana cin halak yana riƙon amana, ku sa masa albarka yana ji da kunnensa. Ni na jinkirta, kuma ga inda jinkirin ya kai ni.

Ina miƙa ta'aziyya ga surukata, wadda ta yi jinyarka ba ta gajiya, da jikokina biyu, da yayyenka, da abokan aikinka da suka ɗauke ka a kafaɗarsu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya raya abin da ka bari a kan gaskiya. Ya Allah, Ka ji ƙan bawanKa kamar yadda ya ji ƙan bayinKa marasa baki. Ka yalwata kabarinsa, Ka kwantar masa da hankali a sabon masaukinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Auta, ban riƙe ka da komai ba, duniya da lahira. Na je, na gan ta, na rubuta. Allah Ya yi maka albarka. Ni ce mai neman ka yafe mini.