Ni na koya mata dariyar

Shekarun baya, lokacin 'yata tana aji uku a firamare, na yi wata wauta da har yau in na tuna sai in ajiye almakashi. Ni tela ce a unguwar Nyanshegu a Tamale, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya hutawa. Ina ba mata shawarar tarbiyya kyauta, ko ba su tambaya ba. Ashe gidana ne ke cin wuta.

Makarantarsu ɗaya da 'yar yayana, wadda ta girme ta da shekara uku. Taubasai ke nan, 'yar mace da 'yar namiji, kuma kun san yadda muke: taubashi ya tsokane ka, ya kira ka bawa, ya ɗauke maka takalmi ranar biki, ba a fushi. Da haka muka tashi.

Wata rana 'yata ta dawo tana ɓata rai, ta ce, "Mma, ta ce ni baiwarta ce, ta sa na ɗaukar mata jaka."

Na kwashe da dariya, ƙafata ko sauka daga kan keken ɗinki ba ta yi ba. Na ce, "Ke dai kin cika tsegumi! Taubashiyarki ce. In ta yi miki wasa sai ki yi dariya, kar ki ba ni kunya a dangi."

Ta sake kawo ƙara sau biyu, na kore ta da maganar nan. Daga nan ta daina, ni kuwa har ina yaba wa kaina wai na gyara yarinya. Gwiwoyinta suka yi baƙi da ɓawon ciwo, na ce ai wasan tsalle-tsallen ampe ne da ƙawaye. Tana dawowa da kwanon waake, shinkafa da waken da nake zuba mata, fes, amma ta faɗa wa tuwo kamar wadda ta wuni da azumi. Na ce girma ne ya zo.

Wata Laraba na kai wa wata malama ɗinkinta a Kalpohin. Da na ga lokacin tashin makaranta ya yi, na ce bari in biya da moto, wato babur ɗina, in ɗauki 'yata. Ban gan ta a bakin ƙofa ba, sai wata mai sayar da lemo ta nuna mini bayan azuzuwa da baki.

Innalillahi. 'Yata ce durƙushe a kan tsakuwa cikin ranar nan ta Tamale, jakunkuna huɗu rataye a wuyanta. 'Yan mata sun kewaye ta. 'Yar yayana na zaune a kan bulo da kwanon da na zuba da hannuna da safe, tana ci tana cewa, "Baiwa, ban ji ba, ƙara!" Ita kuma 'yata tana dariya. Hawaye na zuba har wuyan rigarta, bakinta a buɗe tana ha-ha-ha.

Wallahi ban san lokacin da na saki moton ya faɗi ba. Yaran suka watse. 'Yar yayana ta miƙe tana lashe yatsa, ko gezau, ta ce, "Gwaggo, wasa ne fa. Ga shi ma tana dariya."

Na ɗaga 'yata, tsakuwa ta lotsa mata gwiwa har jini. Na ce, "Tun yaushe?" Ta ce tun farkon zango. Na ce, "Me ya hana ki gudu? Me ya hana ki faɗa wa ticha?"

Ta dube ni ta ce, "Mma, ba ke kika ce in yi dariya ba?"

Na ɗaga moton, na ɗora ta, muka tafi gida.

Da yamma muka haɗu gaban mahaifiyata, ni da yayana da yaran biyu. Yayana ya fara da, "Haba, don wasan taubasai za ki tara mutane?" Na buɗe baki zan wanke shi tas, mahaifiyata ta ɗaga mini hannu. Ta kira babbar ta ce, "Zo ki durƙusa a kan tsakuwar can, ƙanwarki ta ci abincinki. Yau layinta ne."

Yarinya ta zaro ido ta ce, "A'a, Kaka!"

Mahaifiyata ta ce, "To, ashe kin san ba wasa ba ne. Wasan taubasai ana ramawa. Na yi da nawa shekara sittin, in na ce bari, bari yake yi." Sai ta juyo kaina: "Ke kuma, kin koya wa 'ya rabin al'ada kin bar rabin da zai tsare ta." Yayana ya kalli gwiwoyin nan, ya sunkuyar da kai. Washegari shi da kansa ya raka ni wurin shugaban makaranta.

Tun daga nan, in yaro ya ce mini an tsokane shi, keke nake tsayarwa. In tambaye shi: ka ce a bari? An bari? In kai ka yi masa haka, zai yarda? In amsar a'a ce, na ce masa wannan zalunci ne, ko da ɗan wa ya yi shi, kuma ya faɗa wa babba, in bai saurara ba ya nemi wani babban.

Yaran sun shirya, yanzu har ɗinkin Sallah iri ɗaya suke kawo mini. Amma watan jiya 'yata, budurwa guda, tana taya ni aiki allurar keke ta huda mata yatsa har farce. Na zabura ina jiran ihu. Sai da ta yi dariya tukuna, ta kalli fuskata ta ga ko an yarda, sannan ta yi kuka.