Malam Abdulkahar, Mai Jin Harshen Tsofaffin Na'urori

Kullum da hantsi Malam Abdulkahar kan buɗe ɗan shagonsa a unguwar Sa'alaba ta Jidda, ya ɗora shayi, ya baje tarkacen da 'yan gwangwan suka kwaso daga rumbunan tashar jiragen ruwa. Shekara talatin da ɗoriya yana gyaran rediyo, amma an fi saninsa da tsofaffin kwamfutocin gida na Birtaniya, irin waɗanda ake jona wa talabijin. In ya shafa ya ji madannan roba, ya san Spectrum ce. In ya hango jerin jajayen madannai a sama, BBC Micro ce ta 'yan makaranta. Da yawa ya ƙwato daga bakin guduma.

Rim, haifaffiyar Jidda, shaida ce. Bayan rasuwar mahaifinta ta tsinci kaset a akwatinsa, da sunanta a jiki. Ta kunna tana ɗokin jin muryarsa, sai wata ƙara kamar kukan gyare. Masu gyara uku suka ce mata halas, wato shi ke nan, ya lalace.

Da ta kawo wa Malam, ya saurara, ya tambaya ko marigayin ya taɓa zama Ingila. Ta ce can ya yi karatu.

"'Yata, kaset ɗin nan lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Ba murya ce a ciki ba, da kwamfuta yake magana."

Mako biyu ya yi yana lallaɓa wata Spectrum da ta daɗe a mace, hancinsa kusan a kan allon, don ganinsa ya ja baya. Ranar da ya kira Rim, ya kunna wa Spectrum ɗin kaset, suka zuba wa talabijin ido, layuka na rawa a gefe. Can rubutu ya bayyana. Ashe wasan koyon Hausa ne uban ya tsara mata tun tana ƙarama. Layin farko: "Sannu Rim. Ce Baba." Ta faɗa da Hausarta mai nauyi, ta zauna kan benci tana hawaye. Malam ya fita waje ya ba ta wuri.

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, idanu sun ƙi. Malam, kai ne mai haƙurin sauraron abin da kowa ya yanke wa ƙauna. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya. Ku kuma masu gyara na unguwannin Balad da Sa'alaba, ku je ku zauna gabansa tun ƙofar tana buɗe.