Rediyon da Na Ci a Gwanjo

A lokacin ni budurwa ce mai aiki a wani kantin magani a Dapaong, arewacin Togo. Iyayena suna garin Korbongou, ni kuwa ina ɗakin haya ni kaɗai, daga ni sai littattafan soyayya da wayata. Na yi ta karanta su har na gaskata cewa wanda aka rubuta mini yana wani gari, wata 'yar hanya ce kawai za ta haɗa mu.

Akwai wani shafin intanet da ake gwanjon tsofaffin kaya, wanda ya fi taya kuɗi kafin wa'adi ya cika shi ke ɗauka. Nan na ga wata tsohuwar rediyo. Mai ita ya rubuta cewa ta mahaifinsa ce, ita ta riƙa ɗebe masa kewa a hanyar fataucin goro, kuma yana fatan ta faɗa hannun wanda ya san mene ne kaɗaici. Na ji kamar da ni yake magana. Na dinga tayawa har na ci, alhali ba rediyon nake so ba.

Na tura masa saƙo ta shafin, shiru. Ba lambar waya, ba adireshi, sai sunan laƙabi da sunan garin Sokodé. Na ce a raina kunya ce irin ta masu zurfin ciki. Na yi ta buɗa hoton rediyon da ya sa a shafin har na lura da wata koriyar ƙofa a baya, da teburin mahauci a gefenta. Wata abokiyar aikina 'yar Komah, wata unguwa a Sokodé, ta ce ta san layin. Ta ce in tambayi mahautan, don babu gidan da ba su sani ba, da ta ji ina shirin yin lalle kuwa, ta ƙara da tsokanar cewa wa ya taɓa yin lalle don karɓo rediyo.

Na yi lallen. Na sa atamfata ta salla, na fesa turare, na shiga motar Sokodé. Mahaucin ya dubi hoton, ya dube ni, ya nuna ƙofar da wuƙarsa. Na yi sallama da fara'a, na ce daga Dapaong nake, na zo wurin maigidan, yana sane da ni. Sai a sannan na ga tabarmi da mata zazzaune da carbi. Ashe ya rasu a hatsarin babur tun kafin gwanjon ya rufe. Matarsa tana takaba, wayarsa tana kashe a cikin kayansa.

Wata gwaggonsa ta tambaye ni, a gaban kowa, tun yaushe nake tare da ɗansu. Na rantse ban taɓa ko jin muryarsa ba, na nuna musu shafin. Amma an ce yakan je Dapaong sayen shanu, ga kuma lalle a hannuna. Matar tasa, wadda ba ta girme ni ba, ta shiga ɗaki ta ɗauko rediyon ta ajiye a gabana. Ta ce in ɗauka, ba ta son sisina, abu ɗaya take roƙo, in gaya mata ko ya taɓa ambatonta a wurina. Na ce mata ban san shi ba. Ta gyaɗa kai irin na wadda ba ta yarda ba.

Na je neman wanda zai cire mini kaɗaici, na bar wa wata baiwar Allah zargin da mai wanke shi yana kabari. Daga baya na aika mata bayani ta bakin abokiyar aikina, ba ta amsa ba.

'Yan'uwana mata, idan kun ci kaya a irin wannan shafi kuka ji shiru, ku bi ta masu shafin, ko ku aika babba ya tambaya tukuna. Ba ku san abin da ke bayan ƙofar da kuka gani a hoto ba. Rediyon tana kan tagata har yau. Tana aiki, amma na kasa kunna ta.