Sunaye Huɗu a Kan Murfin Inji

Ana kiran assalatu muka bar gida zuwa filin jirgin Kano, ni da wani abokina ɗan Kantin Kwari wanda ya mai da Dubai kamar Sabon Gari. Shi yadi zai saro. Ni kuwa yayana ne ya aiko mini da biza da tikiti. Injiniya ne a can, ya daɗe yana aiki. Ya ce in zo mu yi maganar motar Baba, kuma in taho da hotunanta.

Motar Baba ƙaramar motar Ingila ce mai kujera biyu, koriya mai duhu, rufinta na tampol da ake naɗewa, sitiyarinta a dama, ƙafafunta masu zaren waya kamar na keke. Baba ya yi wa wani Bature na kamfanin gyaɗa kanikanci, da zai koma ƙasarsu ya bar masa ita. Duk lokacin da aka yi haihuwa a gidanmu, Baba yakan ɗauki ƙusa ya karta sunan jaririn a kan murfin injin, ba bonet ba, murfin da ke manne da injin kansa. Sunaye huɗu ne: na Yaya, na yayarmu mace, nawa, da na ƙanwarmu da ta rasu tun ba ta fara tafiya ba. Bayan rasuwar Baba, Yaya ya ba ni amanar motar, tun da ni ne na gaji sana'ar. Abu ɗaya ya ce: in riƙa tashinta, kada in canza komai.

Na canza. Bara da za mu yi wa wani abokinmu rakiyar ango, ta mutu a Ƙofar Nassarawa, aka yi ta turawa ana yi mini dariya. Cikin sati guda na sauke injin na ɗora na Japan ɗan Kwatano, tsohon kuma na ba 'yan gwangwan. Daga ranar duk hoton da na tura wa Yaya, bonet a rufe yake. Da wannan kayan a ƙirjina na hau jirgi.

Mun yada zango a Addis Ababa, muka sauka Dubai washegari da hantsi. Zafin garin ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, kamar mutum ya leƙa tukunyar dambu. Yaya ya tarbe mu, ya yi furfura fiye da yadda waya take nunawa. Muka sauke abokina a wani otal mai sauƙi a Deira, inda a bakin ƙofa kawai na ji Hausa iri uku, ta Kano da ta Sakkwato da ta Maradi mai haɗe da Faransanci. Kowa zancen kago, wato aiko da kaya gida, kowa kwantena.

Kwana biyun farko Yaya ya zaga da ni. Mun hau jirgin ƙasan nan da ba shi da direba, na yi ta leƙen gaba ina neman wanda zan gaisar. Mun tsallaka ruwa a kwalekwalen da suke kira abra, dirhami ɗaya. Shayinsu mai kauri da ake ce wa karak shi ma kusan haka, a ɗan kofi da mai shayin unguwarmu zai ji kunyar miƙa wa baƙo. A Al Rigga muka ci shinkafar mandi da naman da yake zamewa daga ƙashi. Tituna kuwa na yi kwana biyu ina neman rami ban samu ba, har na tausaya wa makanikan garin. Amma ban ji daɗin komai yadda ya kamata ba, domin duk inda muka zauna sai Yaya ya ɗauko zancen mota. Ya ce ya gama magana da masu kago, za a sa ta a kwantena a kawo ta, a gyara ta ta koma yadda Baba ya karɓe ta. Ni dai sai “to, Allah ya sa” nake cewa.

Rana ta uku bayan azahar muka nufi Al Warsan, can wajen rumbunan ajiye kaya da gidajen ma'aikata. Garejin da muka shiga, inda Yaya yake so a gyara motar, ya fi asibitin unguwarmu tsabta. Mai gyaran wani dattijo ne ɗan Indiya, siriri, tabarau a ƙarshen hanci. Akwai mota irin ta Baba sak a tsakiya, ja, an kwance ta gaba ɗaya. Abin da ya tsayar da ni shi ne kantocin da ke bango. Gwangwanaye ne jere, kowanne da takarda a jikinsa. Noti mai tsatsa, tsinkakkiyar waya, wani ɓallen roba da ni ko da ƙafa ba zan ture ba, duk an adana. Na tambaya ta bakin Yaya me zai yi da tarkace. Dattijon ya ce ba a zubar da abin da mota ta zo da shi. In ya gyaru a gyara, in bai gyaru ba a ajiye, mai motar na gaba yana da haƙƙin ya gani. Ya ce shwaiya shwaiya, wato sannu a hankali, ake aikin, wannan jar ta shekara biyu a hannunsa. Ni da na sauke inji na ɗora wani cikin kwana shida ina alfahari.

Sai ya ɗauko littafi ya ce a ba shi lambar inji, zai duba ko ta dace da ta jikin motar, domin nan asalin mota yake. Yaya ya juyo yana murmushi.

“Malam, buɗe wayar mana. Ai ka ɗauko hoton injin ko? Nuna masa aikin Baba.”

Ya juya yana ba dattijon labarin ƙusa da sunaye. Ya ce ƙanwarmu ba ta da hoto ko ɗaya, ba ta da takardar haihuwa, a nan kaɗai sunanta yake rubuce, kuma da hannun Baba. Wallahi ban taɓa tunanin haka ba sai a lokacin. Ni murfi na gani mai yoyon mai.

“Yaya,” na ce, “babu injin.”

“Kamar yaya babu?”

“Na cire. Na Japan ne a ciki. Na ba 'yan gwangwan tun bara.”

“Har murfin?”

“Har shi.”

Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar. Dattijon bai jin Hausa, amma ya rufe littafinsa a hankali ya tafi haɗa shayi. Da muka fito Yaya ya ce, “Injin ban damu ba, ana samun irinsa. Amma shekara guda kana turo mini hoto ina nuna wa yarana.”

Sauran kwanakin bai rage ni da komai ba. Matarsa ta yi mini tuwo da miyar kuka, yaransa suna ta kirana Baffa suna tambaya yaushe motar Kaka za ta zo. Ya kira masu kago ya ce khalas, shi ke nan, a bar maganar kwantena. Ranar da zan taho ya raka ni filin jirgi, ya ba ni tsarabar dabino da turare, sannan ya ce, “Ka je ka nema. Ko me ka tarar, ka faɗa mini yadda yake.”

Mun sauka Kano ranar Talata. Laraba da safe ina wurin 'yan gwangwan. Mutumin da na ba injin ya gane ni. Ya ce ƙarfen ya daɗe da tafiya kudu a tirela, murfin kuwa da yake alminiyo ne, masu narka tukwane suka ɗauka. Na bi su har rumfarsu. Wani mai gemu ya saurare ni da haƙuri, ya nuna mini tukwane jere a rana, manya da ƙanana, ya ce a rana ɗaya suna narka abin da ba su iya tunawa. A can wani gida da ban sani ba, ana tuƙa tuwo da sunayenmu.

Daga bakin rumfar na kira Yaya na faɗa masa, ban rage ba ban ƙara ba. Ya ce, “To. Na gode da ka faɗa.”

Tafiyar nan ta nuna mini cewa shekara ashirin ina riƙe da sifana ban san bambancin gyara da canji ba, kuma ƙaryar da na yi da hoto ta fi sauke injin muni. Yanzu na samo gwangwanayen madara na jera a gareji, duk notin da ya fito daga motar Baba yana shiga da takardarsa. Jiya na buɗe bonet, na ɗauki hoton injin Japan ɗin yadda yake, na tura wa Yaya. Ya gani. Bai amsa ba tukuna.