Ƙaguwar Uwar Geling

Ni dai abinci ba ya wuce ni. Ran nan na sauka daga kwalekwale da yunwa, na tarar da manyan ƙaguwa cikin akwatin sanyi a gidan matar ƙanena. Na dafa su da ruwan kwakwa, na haɗa da sago, tuwonmu na garin itace. Ina suɗe yatsu ta shigo.

"Tambu, ina ƙaguwar asibiti?"

Yatsana ya maƙale a baki.

Tambu muke ce wa juna, don a wurinmu suruki ba ya kama sunan suruki. A kasuwar Lae kuwa Uwar Geling ake ce mata. Tun da teku ta ci ƙanena, taɓon bakin ruwa ya zama gonarta. Takan nutsa har cinya, ta zura hannu a ramin da ni ko sanda ba zan zura ba, ta ɗaure dantsen ƙaguwa da ɓawon itace. Da wannan ta raini 'ya'yanta.

Sai kwalara ta shigo gari. Ma'aikatan lafiya suka sami ƙwayar cutar a ruwan tafkinmu, aka hana sayar da ƙaguwarmu. Matan da suke rububin kayanta suka koma toshe hanci idan ta wuce. Ba ta yi kuka ba. Asibiti ta je ta zauna, har wata malamar jinya ta tausaya ta fahimtar da ita: ƙwayar iri biyu ce. Wata ta gaji dafi, ita ce mai kisa, wata kuwa zaman ruwanta kawai take yi. Ido ba ya rarrabe su, sai wata na'ura a can garin Goroka mai duba gadon ƙwayar, ta ga ko akwai dafin a ciki. Aka ce ta kawo ƙaguwa ɗanya a aika. Su ne na cinye.

Ba ta zage ni ba, abin da ya fi zagi ciwo. Ta ɗauki igiya ta koma taɓo da rana tsaka. Ni kuwa na tare kusa da masai, don tsoron kwalara ina yi wa 'ya'yana wasiyya.

Jiran ya yi tsawo. Kullum takan je tafki ta dubi ramukan, ta dawo hannu wofi, ta dafa wa yara ayaba zalla. Ranar da malamar ta zo da kanta ta ce babu dafi, an buɗe kasuwa, Uwar Geling zama ta yi a kan yashi, ta rufe fuska da zani.

Na matso na ce, "Tambu, ai da an bar wahalar Goroka. Ni na fara gwajin, ga ni garau."

Ta buɗe ido ɗaya.

"Cikinka ne shaida? Tambu, ko mai dafin ce ta faɗa can, ita za a kai asibiti."