Kayan Hajiya Saude Daga Jidda

A sabuwar Maradun, in aka ce Hajiya 'yar Jidda kowa ya san Saude ake nufi. An haife ta a Tungar Bawa, wani ƙauye a bakin gulbi, inda ake noman albasa da taba da rake a fadama, ana ɗibar ruwa da jigo. Tana da ɗiya ɗaya a goye mijinta Tukur ya yi niyyar aikin Hajji a ƙasa, ta ce ƙafarta ƙafarsa. Suka bi ayari ta Barno, suka yi shekaru suna tsinkar auduga a Sudan, daga baya suka haye Bahar Maliya. Da suka sauke farali sai zama ya kama su a Jidda. Tukur na dako a bakin teku, ita kuma tana wankau a gidajen Larabawa, har ta samu keken ɗinki ta koma ɗinka wa matan unguwa.

A can suka tara ɗan abin da suka tara. Akwai gadon ƙarfe mai rumfa da Tukur ya ɗauko a kai tun daga kasuwa, da wani dogon kabad mai madubi da matar wani attajiri ta bar mata don za su canza gida, sai keken. Duk lokacin da take goge madubin nan, ɗakin mahaifiyarta take tunawa, wanda tagarsa ke kallon gulbi, tana auna inda za ta jingina shi.

Da Tukur ya rasu, ɗiyarta kuma ta yi aure a Makka, Saude ta ce gida za ta. Maƙwabta suka ba ta shawara ta sayar da komai, tunda masu komawa akwatin ƙarfe da darduma kawai suke ɗauka. Ta ƙi. Wani abokin dakon mijinta, Jatau mutumin Bakura, shi ya tausaya mata ya haɗa manyan akwatunan katako, ya kwance gadon ya ɗaure ƙarafunan wuri ɗaya. Madubin kuwa ita da kanta ta naɗe shi da barguna da tsofaffin rigunan Tukur. Aka sa kayan a jirgin ruwa mai zuwa Ikko, ita ta biyo jirgin alhazai ta sauka Kano.

Ta iso Talata Mafara ran kasuwa, ta kasa gane garin. Ga manyan motoci masu ɗaukar dutse, ga Turawan Italiya da gajeren wando suna cinikin tumatir, ga samari da hular kwano. Ƙanenta Sambo, wanda ta bari bai fara riƙe fartanya ba, shi ya tarbe ta da furfura a gemu. Sai da suka gama doguwar gaisuwa da ta'aziyyar waɗanda suka rasu, ciki har da Innarsu, sannan ya gaya mata ana datse gulbi a Bakolori, kuma an ce Tunga na cikin garuruwan da ruwa zai cinye.

Ta sauka ɗakin Inna, ta shimfiɗa tabarma, ta shiga jiran kaya. A shekarun nan jirage sun yi cunkoso a Ikko, sai jirgi ya yi wata da watanni a kan teku bai samu wurin sauke kaya ba. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, wata daminar ta sake zagayowa. Matan ƙauye suka fara raɗa cewa ƙila kayan nan a baki kawai suke. Ita dai takan zauna bakin taga da hantsi tana jin kukan jigo, tana gyara wa yara riguna da allura.

Ana cikin kakar ƙarshe saƙo ya zo cewa akwatuna sun iso tashar jirgin ƙasa ta Gusau. A lokacin an riga an nuna wa mutane filayensu a tudu, wasu har sun fara cire azara da ƙyaure. Sambo ya ce abin da ya dace shi ne a ajiye kayan a Mafara, gidan wani amininsa, har a gama ginin sabon wuri.

“Yaya, kowa hita shika yi da kaya, ke kuma shiga za ki yi da su?”

“Na sani, Sambo. Tun ina Jidda ɗakin Inna nac ce za su shiga. In ruwan ya taho, sai mu tashi tare da kowa.”

Bai ƙara musu ba. Ya samo mota, suka ɗauko akwatunan. A hanyar Tunga suka riƙa kauce wa jakuna da amalanke masu fitowa da tukwane da itacen rufi, mutane na tsayawa suna kallon motar da ta nufi inda ake gudu.

Gado da keke suka shiga lafiya, kabad ya ƙi ƙofa. Aka juya shi ta tsaye, aka juya ta kwance, abin ya faskara. Sambo ya tsaya yana duban bangon da mahaifinsu ya gina, can ya aika aka kawo diga. Ya ce bangon da ruwa zai narkar, ba laifi in shi ya fara taɓa shi. Ya fasa gefen ƙofar, aka shigar da kabad, aka jingina shi daura da taga. Da Saude ta warware bargunan, madubin ko tsagewa bai yi ba, sai ƙamshin turaren Tukur da ya cika ɗakin. Ta zauna bakin gado ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da ta dawo.

Ranin nan ɗakin bai rabu da mata ba. Yawancinsu ba su taɓa ganin kansu tun daga ɗankwali har ƙafa ba. Wata tsohuwa, Asabe, ƙawar Inna, ta daɗe a tsaye gaban madubin, sannan ta ce ashe haka ta rankwafa ba wanda ya gaya mata, aka yi ta dariya. Saude na taka keke tana dafa musu shayi mai na'ana'a irin na Jidda, su kuma suna ba ta labarin shekarun da ba ta nan: wa ya auri wa, wace shekara fari suka cinye gero, yadda Inna ke zuwa bakin hanya duk lokacin da alhazai suka dawo. Wanda ya kwance rumbunsa sai ya biyo ya sha shayi kafin ya wuce. A nan ɗakin aka yi yawancin bankwanan Tunga.

Da ruwa ya fara hawa fadama, gidansu na cikin na ƙarshe da suka tashi. Wannan karon a amalanken shanu aka ɗora kayan, Saude na biye a ƙasa tana riƙe da igiyar da aka ɗaure kabad.

A sabon wuri, wato sabuwar Maradun, ƙasar tsakuwa ce, rijiya da nisa, Sambo bai ƙara noman albasa ba har ya bar duniya. Saude ta ci gaba da ɗinki, ta koya wa 'yan mata da dama. Ɗiyarta ta sha aiko mata ta koma Makka ta huta, takan ce ta gaji da ɗaure kaya. Ta rayu har ta ga jikokin Sambo, ta rasu da azumi bayan gajeriyar jinya, aka rufe ta a maƙabartar tudu kusa da Asabe.