Ɗalhatu Mai Gawayin Ƙwallon Dabino

Da an idar da sallar asuba a unguwar Mansura ta birnin Doha, Malam Ɗalhatu zai saɓa jakarsa ya nufi tashar jirgin ƙasa. Kowa abincin rana yake ɗauka, shi kuwa ƙwallon dabino ne a jakarsa, wanda masu shagunan kasuwar Souq Waqif ke tara masa suna yi masa tsiya wai ko gona zai kafa. Shekara goma sha uku ke nan yana aiki a ɗakin binciken batir na wata jami'a, inda ni Ladi nake shara da goge-goge. Ƙarshen watan nan zai koma Gusau. Ban yi boko ba, Safura abokiyar aikina ce ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta rage wa maganata gishiri.

Likitocin wurin, na bincike ba na asibiti ba, batir suke nema wanda zai yi aiki da sinadarin cikin gishiri ko na toka, don su ba su da tsada. Matsalar tana ɓangaren da ke shan caji ya riƙe, wanda suke kira anod. Da gawayi ake yinsa, gawayin kuwa Ɗalhatu ne mai toya shi. Zai wanke ƙwallo, ya busar, ya daka, ya zuba a tanderun da iska ba ta shiga, ya kwaɓa baƙin garin ya shafa a falle mai sheƙi, siriri kamar fatar albasa. Sannan ya zura hannu cikin akwatin gilashi ya harhaɗa 'yan batira kamar na agogo, yana waƙe-waƙensa ƙasa-ƙasa.

Shekaru ana yi, batir ya ɗauki caji sau hamsin ya mace. Kwatsam wani rukuni ya wuce ɗari biyar bai gaji ba. Likitoci suka rikice, wannan ya ce na'ura ce ta lalace, wancan ya ce tanderu ne. Ɗalhatu kaɗai ya san dalili. Ƙwallayen wannan karon sun zo masa da danƙo da maiƙo, sai ya jiƙa su a gida da kanwar da yake dafa wake, kuma bai rubuta a littafin aiki ba. A ɗakin nan, abin da ba a rubuta ba laifi ne da zai iya cin aikin mutum, har takardar zamansa a ƙasar.

Da ya yi shiru, wa zai sani? Amma ya je gaban Dakta Mubarik, ɗan Zangon Kumasi da ke kula da gwajin, ya faɗi komai, har da ledar kanwar a hannu. Dakta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Baba, yalla, maza sake jiƙa mana wake." Aka sake, aka kuma sakewa, duk batir ya tsaya da ƙafarsa.

Kai ne, Ɗalhatu, mai gaskiya ko da wuƙa a wuya. Kai ne wanda ɗalibai ke ɓata aiki su gudo wurinka, ka gyara ba ka tona ba. Hannunka ya yi baƙi don fuskar wasu ta yi haske.

To ga inda raina ya ɓaci. Takardar sakamakon binciken ta fito, aka manna a bango, aka yanka kek. Na ce Safura ta karanto mini sunayen. Bakwai, babu nasa. Can ƙasa wai an gode wa ma'aikata. Ma'aikata sunan wa? Na tare Ɗalhatu, ya ce, "Yaya Ladi, ai batir ya yi aiki, khalas, shi ke nan." Na ce masa batir ba shi da jikokin da za su tambayi me kakansu ya yi a Doha.

Na jingine tsintsiya na shiga ofishin shugaban sashe, Dakta Mubarik na fassara yana share gumi. Shugaba ya ce suna sai mai digiri. Na ce a tambaye shi ko digirinsa ne ya san kanwa. Ban san yadda aka juya masa maganar ba, amma na ga kunnensa ya yi ja. Dakta kuma, Allah ya yi masa albarka, ya ƙara da nasa: takarda ta biyu, ta batirin toka, ba za ta fita da sunansa ba in babu na Ɗalhatu.

Makon jiya ta fito. Na sa Safura ta karanta sau uku, ta ɗora yatsana a kan wurin. Shi na huɗu ne. Ɗalhatu ya tsaya yana kallo, ya ce gilashin idonsa ne ya yi hazo.

Mun gode, Malam. Allah ya kai ka gida lafiya, ya sa ka ci gajiyar wahalarka. Matasa, ku koyi faɗin gaskiya irin tasa. Ku kuma manya, ku duba wanda ke hura muku wuta, ku rubuta sunansa tun yana tsaye a gabanku. Shugaba kuwa ya sani, takardar farko har yanzu sunaye bakwai ne, kuma ni ce mai share ofishinsa kowace safiya, bai gama jin bakina ba.